Katin Josh Gibson

Shekarar da na fara karatu a Pittsburgh ta Amurka, kuɗin tallafin da ake ba ni ba ya kai ni ƙarshen wata, sai na nemi ɗan aikin yamma a wani ɗakin adana tsofaffin takardu. A ido aikin ba wuya. Wani dattijo ne ya kwashe shekara da shekaru yana yanko labaran rasuwar tsofaffin 'yan wasan besbol daga jaridu yana tarawa, da shi ma rai ya yi halinsa iyalansa suka kawo akwatunan kyauta. Nawa shi ne in zaro kowace takarda a hankali, don wasu da ka taɓa sai su fara marmashewa, in ɗauki hotonta, in cike kati a kwamfuta: suna, ranar haihuwa, ranar rasuwa, ƙungiya, sai gurbin alƙaluman wasa. Ni da na tashi a kallon ƙwallon ƙafa, ban san kan besbol ba balle gindinsa. Iyakar sanina wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata gora, a kwasa da gudu. Na ce a raina ai cike gurbi ne, ko sunayen shanu aka ba ni zan iya.

Shugabata wata dattijuwa ce baƙar fata, kai duk furfura, tabarau rataye a wuya da igiya. Ba ta da yawan magana. Duk ƙarshen mako sai ta buga katunan da na cike a takarda, ta zauna da jan biro tana bi ɗaya bayan ɗaya.

A mako na biyu ta ajiye wani kati a gabana, ta ce, "Wane ne wannan Mista Walker ɗin?"

Na ce a wata jarida ta Sifaniyanci na ga an rubuta Roberto Clemente Walker, shi ya sa na kai shi layin W, tunda sunan ƙarshe ake bi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce in leƙa ta taga in duba gadojin nan masu ruwan ɗorawa da ke kan kogin Allegheny, ɗaya daga cikinsu sunan mutumin nan take ɗauke da shi, kuma ba gadar Walker ake ce mata ba. A Puerto Rico, inda aka haife shi a 1934, sunan gidan uba ne ke zuwa farko, na gidan uwa ya biyo baya. Clemente na mahaifinsa ne, Walker na mahaifiyarsa. Kunya ta kama ni, amma sai ta ƙara da abin da ya ɗan sanyaya mini rai: hatta gidan tarihin gwanayen besbol da ke Cooperstown a jihar New York ya yi irin wannan tuntuɓen. Allon tagullar da suka kafa masa a 1973 "Roberto Walker Clemente" aka rubuta a kai, kuma sai a 2000 aka sake zuba wani da sunan a daidai. Shekara 27 allon girmamawa yana kiran mutum da sunan da ba nasa ba.

Daga ranar na daina ɗaukar hoto kawai, na fara karanta abin da ke jikin takardun. A tsofaffin jaridun shekarun 1950 da 1960 sai in ga "Bob Clemente", wani wurin "Bobby". Mutumin ya sha faɗa cewa sunansa Roberto, ba a ji ba. Wasu marubutan har sukan rubuta maganarsa da gurɓatattun haruffa don a yi dariyar Turancinsa. Wannan ya taɓa ni, don ni ma 'yan ajinmu sun datse sunana sun bar gaɓa ɗaya, na kuwa amsa musu ba musu. Mu ma ai muna da laƙabi, kusan kowa a gidanmu yana da sunan da kaka ta laƙaba masa. Sai dai laƙabin kaka na ƙauna ne, wannan kuwa na ƙyuyar baki ne.

Takardun rasuwarsa sun cika jaka guda. Ya yi wa Pittsburgh Pirates wasa kaka 18, ya ci kofin ƙasa da su a 1960 da 1971, kuma a ranar 30 ga Satumba 1972 ya yi bugunsa mai kyau na 3,000 cif, ba ƙari ba ragi. Girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nikaragua, a ranar 23 ga Disamba na shekarar. Ya tara kayan agaji ya aika, labari ya dawo masa cewa mutanen Somoza, mai mulkin ƙasar, suna karkatar da kayan, sai ya ce wannan karon da kansa zai raka. Daren 31 ga Disamba jirgin, wanda aka yi wa lodi fiye da ƙima, ya tashi daga San Juan ya faɗa teku ba da jimawa ba. Ba a ga gawarsa ba. Yana da shekara 38. Na duba katina na ga babu gurbin da zan sa ko ɗaya daga cikin wannan, sai 3,000 ɗin.

Amma kuskuren da ya fi zama mini a rai ba na Clemente ba ne.

Wata rana na zaro wata 'yar takarda daga jaridar Pittsburgh Courier, jaridar baƙaƙen fata ta garin, mai kwanan watan Janairu 1947. Rasuwar wani Josh Gibson ce, ɗan shekara 35. Na buɗe kundin alƙaluman babbar gasar besbol ta Amurka da aka ba ni in riƙa dubawa, na bi layin G sama da ƙasa, babu shi. Sai na rubuta "babu" a gurbin alƙaluma, a gurbin bayani kuma na sa "bai kai babbar gasa ba", na tura shi rukunin ƙananan 'yan wasa. Minti uku ban yi a kansa ba.

Wannan karon ba ta jira ƙarshen mako ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ɗana, bai kai ba, ko ba a bar shi ya shiga ba?"

Mahaifinta, in ji ta, ya sha kallon Gibson yana yi wa Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords wasa. Shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, in kuma gora ta zo hannunsa sai ya aika ƙwallo bayan katanga. A zamaninsa babbar gasa ba ta ɗaukar baƙar fata, shi ya sa suka kafa gasanninsu na kansu. Ya rasu ranar 20 ga Janairu 1947. Ranar 15 ga Afrilu na wannan shekarar Jackie Robinson, shi ma baƙar fata, ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ta babbar gasa, ƙofar ta buɗe. Wata uku bai cika ba tsakani. Kundin da nake dubawa bai yi ƙarya ba, sunan ba ya ciki. Amma ni na ɗauki shirun kundin na mayar da shi hukunci a kan mutumin, na kuma sa hannu. Ban tambayi wane ne ya rubuta kundin ba, kuma wa ya bari a waje. Tun daga lokacin, a kowane aiki na samu kaina, in zan rubuta "babu" sai na tsaya na tambayi kaina: babu abin ne, ko babu wanda ya rubuta shi? Wasannin su Gibson da yawa a ƙananan garuruwa aka yi su, ba ɗan jarida ko ɗaya a wurin. Allonsa na Cooperstown, wanda aka kafa a 1972, cewa ya yi ya tsallakar da ƙwallo katanga "kusan sau 800". Wannan "kusan" ɗin ita ce shaidar abin da aka yi musu.

Ta kuma ce an binne shi a maƙabartar Allegheny, nan cikin gari, kabarin ya yi kusan shekara 30 ba ko alama, sai a 1975 aka sa dutse. Gaskiya da farko ban ga abin baƙin ciki a nan ba, har na faɗa mata. Na ce mu a wajenmu kabari tudun ƙasa ne, a ɗan kafa itace ko fasasshiyar tukunya, damina biyu uku ya baje, kuma ba wanda ke ganin an wulaƙanta mamaci. Kakana ma ba zan iya nuna daidai inda yake kwance ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "A wajenku kowa haka ake yi masa, ko?" Na ce sarki da talaka. Ta ce to a nan ba haka ba ne. A maƙabartar da kowa ke da dutse, wanda ba shi da shi an faɗi wani abu a kansa.

Na goge katin na sake cikewa. Gurbin bayani bai ɗaukar fiye da layi biyu, na yi ta rubutawa ina gogewa har aka kusa rufe ɗakin. Daga ƙarshe na sa ƙungiyoyinsa biyu da shekarun wasansa, a gurbin alƙaluma kuma na rubuta cewa ba a kammala tattarawa ba. Ta karanta, ba ta ce komai ba, jan biron dai bai taɓa shi ba.

Wata Asabar na hau bas na je maƙabartar. Sai da na yi ta hawa tudu ina bin alamu kafin na same shi. Ɗan ƙaramin dutse ne kwance a ƙasa, wanda in ba ka lura ba sai ka taka ka wuce. Wasu sun ajiye ƙwallayen besbol a gefensa, ruwan sama ya dafar da fatarsu, zaren ɗinkin ya fara warwarewa.

Na daɗe da barin aikin lokacin da hukumar babbar gasa ta sanar, a Disamba 2020, cewa ta amince gasannin baƙaƙen fata bakwai na tsakanin 1920 da 1948 su ma manyan gasanni ne. A Mayu 2024 aka zuba alƙalumansu cikin kundin, bayan masu bincike sun kwashe shekaru suna tono sakamakon wasanni daga tsofaffin jaridu irin waɗanda na riƙa ɗaukar hotonsu. Da aka yi lissafi sai ga Gibson a kan gaba a tarihin gasar gaba ɗaya wajen iya bugu: cikin kowane yunƙuri 1,000 ya ci 372, ya sauke tsohon gwani Ty Cobb mai 367 daga inda ya yi kusan shekara 100 yana zaune. Ina ganin labarin a waya na tuna katin da na cike cikin minti uku. Na nemi lambar dattijuwar in kira ta, sai aka ce ta yi ritaya ta koma wajen 'yarta a wata jiha.