Inshorar lafiya a Amurka: kada kuɗin wata ya ruɗe ka

Ɗan'uwa, idan tasi kake ja a Amurka, ko kana ɗinki ko wata sana'ar hannu, ba ka da wurin aikin da zai yi maka inshorar lafiya. Da kanka za ka saya a kasuwar da dokar Obamacare ta buɗe, wadda shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010. Jihohi da yawa suna amfani da shafin HealthCare.gov, amma New York da Kalifoniya kowacce tana da nata.

Ramin da yawancinmu muka faɗa tun farko shi ne duba kuɗin wata kawai, wato abin da kake biyan kamfanin inshora kowane wata. Tsare-tsaren hawa huɗu ne: Bronze yana ɗaukar kimanin kashi 60 cikin ɗari na kuɗin magani, Silver 70, Gold 80, Platinum 90. Bronze ne mai arha, shi ya sa ido ke fara kai masa. To amma araha ba ta ado. A irin wannan tsari akwai kason farko da sai ka biya daga aljihunka, sau da yawa dala dubbai, kafin kamfani ya fara sa hannu a yawancin jinya. Kafin ka zaɓa, ɗauki biro ka ninka kuɗin wata sau 12, ka haɗa da iyakar abin da za ka iya kashewa daga aljihu a shekara. A 2025 doka ta tsayar da wannan iyaka a kan dala 9,200 ga mutum ɗaya. Jimillar ita ce abin da shekarar ciwo za ta ci maka.

Ga inda ake tafka babbar asara. Idan samunka bai wuce kashi 250 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ba, akwai rangwame na musamman da ke rage kason aljihu, kuma a Silver kaɗai ake ba da shi. Mai ƙaramin samu sosai, Silver ɗinsa kan ɗauki har kashi 94, wato ya zarce Platinum. Wanda ya zaɓi Bronze don ya rage 'yan daloli a wata ya yi watsi da wannan duka.

Sai batun tallafin da gwamnati ke bayarwa don rage kuɗin wata. Da ƙiyasin samunka na shekara ake lissafa shi, kuma mai sana'ar kansa ribarsa zai rubuta, bayan ya cire kuɗin mai da gyaran mota. Kada ka rage adadin don tallafi ya ƙaru. Farkon shekara za a aiko maka da fom 1095-A, ka cika fom 8962 tare da takardun haraji, hukumar haraji ta IRS kuma ta nemi rarar tallafin da aka ba ka. Da zarar samu ya canza, shiga shafin ka gyara. Ma'aurata kuma, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye, sai sun cika haraji tare za su samu tallafin.

Ana buɗe rajista ran 1 ga Nuwamba, kuma a HealthCare.gov wanda ya yi kafin 15 ga Disamba ya wuce inshorarsa za ta fara 1 ga Janairu. Idan aka rufe, sai da dalili kamar aure, haihuwa ko rasa inshorar wurin aiki, shi ma kwana 60 ake ba ka. In ba ka kai shekara 26 ba kuma iyayenka na da inshora, zauna a tasu.

Kafin ka biya, buga wa ofishin likitanka waya ka faɗi cikakken sunan tsarin, ka tambaya ko suna karɓa. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, domin kamfani ɗaya kan sayar da tsare-tsare masu jerin likitoci daban-daban, kuma abin da ka kashe a wajen jerin galibi ba ya shiga cikin waccan iyakar kuɗin aljihu ta shekara.