Abin da injin sassaƙa haƙori ya koya mini

Wata shida ke nan da aka kawo injin sassaƙa da na'urar buga samfurin haƙori ɗakin aikinmu na ƙera haƙori, kuma sai yanzu hannuna ya faɗa da su. Da farko na ɗauka kwamfuta ce za ta yi komai, har sai da likita ya dawo mini da wata hular haƙori ta zirkoniya, wato wani farin tangaram mai ƙarfi, domin ta ƙi zama a bakin mai ita. Da na bincika, ashe lambar tsukewa da ke jikin faifan zirkoniyar da ake sassaƙa hular daga ciki ce na shigar ba daidai ba. Ana sassaƙa zirkoniya da girma fiye da yadda ake buƙata, domin idan ta shiga tanda mai zafin kusan digiri 1,500 takan tsuke da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma kowane faifai da tasa lambar. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda bawan Allah ya ƙara mako guda yana jira.

Yanzu ba na fara aiki sai na duba tsinin ƙarafan sassaƙa, tunda wanda ya dakushe yakan ɓantare gefen hula. Samfurin da na buga kuwa sai na wanke shi da sifirit, ya bushe sarai, sannan ya shiga akwatin haske ya ƙarasa ƙarfi.