Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Yadda Kalangu Ya Shiga Ajina

A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni ƙaramar sakandare. To, a shekarar 2008 sabuwar manhajar karatun shekara tara ta hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantun Nijeriya, ta iso mana. A cikinta an haɗe zane-zane da kiɗa da wasan kwaikwayo wuri guda, aka kira darasin CCA, wato darasin al'adu da fasaha. Ni malamin Hausa ne, amma da yake makarantarmu ba ta da malamin kiɗa ko ɗaya, shugaba ya kira ni ofis ya ce, "Malam, kai ne ka fi kusa da abin nan." Na ce, "To, Yallaɓai."

Littafin da aka ba ni cike yake da layuka biyar-biyar na rubutun kiɗan Turawa da hoton fiyano. Yaran da ban taɓa jin sun kasa waƙa a dandali ba, ga su zaune shiru suna kwafar alamomin da ba su san amonsu ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Da watan azumi ya kai kwana goma, sai ga waɗannan yara a ƙofar gidana da dare suna tashe. Wani da ba ya buɗe baki a aji ya manna gemun auduga, ya duƙa kan sanda, muryarsa na rawa, sauran suna amsa masa. Ba wanda ya rubuta musu, ba wanda ya raba musu matsayi, amma kowa ya san inda zai shigo. Washegari na ce kowane rukuni ya kawo tashensa aji, mu rubuta shi: wa ya fito, me ya ce, wane hali ake yi wa hannunka-mai-sanda. Nan suka fahimci fitowa da jigo, ba tare da na sha wahalar bayani ba.

Kiɗa kuwa, wani tsohon makaɗin mahauta na roƙa ya zo mana. Ya saƙala kalangu a hammata, ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, gula na tafiya a hannunsa. Ya kaɗa sunan wata yarinya, ajin ya gane tun kafin ya faɗa. Ya ce musu, "'Ya'yana, kalangu Hausa yake ji, don maganarmu ma hawa da sauka take yi." Har yau ina ganin daga nan ya kamata manhaja ta fara, rubutun Turawa ya biyo baya.

Sai dai ba kowa ya ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Ranar Litinin wani dattijo ya zo da ɗansa riƙe a hannu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, karatu na kawo shi, ban kawo shi ya zama maroƙi ba." Na ce, "Alhaji, a ba ni ranar Alhamis, ka zo ka zauna a bayan aji."

Ya zo kuwa, tare da limamin unguwarsu. Abin da ya wakana a ranar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.