Soyayyen burodi da ƙwai na safiyar hutu

Duk wanda ya ce mini ba ya son French toast, wato burodin da ake jiƙawa a ƙwai da madara a soya, tambayar farko da nake yi masa ita ce da wane irin burodi aka yi masa. Yawanci amsar ɗaya ce. An ɗauko sabon burodi mai taushi, yankan siriri, an tsoma a ƙwai an ciro nan take, an jefa a kaskon da ya yi zafi sosai. Baya ya ƙone, ciki ya caɓe, ga ƙarnin ƙwai yana tashi. Wannan kam ko ni ba zan ci ba. Na kirki idan kika yanka shi za ki ga gefensa ya yi ja yana ɗan ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma ya kama jikinsa, da laushi amma ba ruwa. Abu uku ke kai ki nan: burodin da ya bushe, jiƙo na haƙuri, da wuta kaɗan.

Na fara da burodin, domin a nan mafi yawan mutane ke ɓata abin tun kafin su kunna murhu. Abincin nan asalinsa dabara ce ta ceton burodin da ya kwana ya ƙandare. Ya ma girmi Faransar da ake jingina shi gare ta. A wani tsohon kundin girke-girken Rumawa da aka tattara wajen ƙarni na 4 ko na 5, akwai bayanin a gutsuttsura farin burodi, a jiƙa shi a madara, a soya da mai, a zuba zuma. A Sifaniya har yau suna yin nasu a makon Ista, su soya da man zaitun su barbaɗa sukari da kirfa. A Hong Kong kuwa sai su haɗa yanka biyu da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a tsakiya, su tsunduma cikin mai, su ɗora bota a kai. Kowa da salonsa, amma tushen ɗaya ne, kuma tushen shi ne ke gaya miki irin burodin da ake so. Wanda ya rasa ruwan jikinsa shi ke da wurin shan ƙwai da madara. Sabo kuwa ya riga ya ƙoshi da nasa ruwan, ki ƙara masa wani sai ya farfashe a hannunki.

Saboda haka ni tun daren jajiberi nake yanka burodina. Nakan sayi wanda ba a yanka ba, in yanka da kaina, kaurin kowane yanka kamar santimita 2 zuwa 2.5, wato kusan faɗin babban yatsa. Sai in jera su a kan ragar ƙarfe in bar su a buɗe har gari ya waye. Idan na manta, da safe nakan saka su a oben mai zafin digiri 150 na wajen minti 10, in juya su sau ɗaya, kawai don su bushe ba don su yi ja ba. Kada ki ce za ki saka a firji ya yi miki wannan aikin. Sanyin firji yana sa burodi ya yi tauri da wuri, amma ruwan yana nan cikin leda bai je ko'ina ba. Burodi mai ƙwai da bota a jikinsa, irin brioche, shi ya fi daɗi, amma farin burodi na kullum ma yana yi idan an yanka shi da kauri.

Haɗin jiƙon ba shi da wuya. Ma'aunina shi ne ƙwai ɗaya ga madara mililita 60. Na yanka takwas nakan fasa ƙwai huɗu, madara kofi ɗaya, sukari babban cokali ɗaya, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, ɗan vanila, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Gishirin nan kada ki raina shi, idan babu shi abin lami yake fitowa ko da kin cika zaƙi. Sukarin kuma da gangan nake rage shi, domin yana saurin ƙonewa a kasko, kuma ai za a ƙara zaƙi a kan faranti.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke canza sakamakon sosai. Kirfa ba ta son ruwa. Idan kika barbaɗa ta kan madara sai ta taso ta dunƙule, yankan farko ya kwashe ta duka, na ƙarshe ya tashi babu komai. Ki fara cuɗa ta da sukarin, ki fasa ƙwai ɗaya a kai ki kaɗa har ta zama kamar kwaɓi, sannan ki ƙara sauran. Na biyu, ki kaɗa ƙwan sosai har ki daina ganin farin yana yauƙi a bakin cokali mai yatsu. Wannan farin da bai kaɗu ba shi ke mannewa a gefen burodi ya soyu shi kaɗai, kuma daga gare shi yawancin ƙarnin ke fitowa. Ƙaramar 'yata tana da hancin jin ƙarni, don haka idan don ita zan yi nakan cire farin ƙwai ɗaya in ƙara gwaiduwa a madadinsa. Ya fi maiƙo, ya fi laushi.

Ki juye haɗin a tire mai ɗan zurfi ko faffaɗan kwano, yadda yanka zai kwanta sosai. Farin burodi na kullum rabin minti zuwa minti ɗaya ya ishe shi a kowane gefe. Mai taurin ɓawo, irin dogon burodin Faransawa, yana iya shan minti uku ko fiye. Ni ba agogo nake kallo ba, ɗagawa nake yi. Idan ya yi nauyi a hannu, kuma na danna tsakiyarsa na ji babu sauran busasshen wuri, to ya sha. Sai in riƙe shi sama na ɗan lokaci ragowar ta tsiyaye.

Yanzu wuta, inda haƙurin ke da muhimmanci. Abin da kike yi a kaskon nan shi ne dafa ƙwai da madara a cikin burodi, kuma zafi yana buƙatar lokaci kafin ya ratsa santimita biyu. Haɗin ƙwai yana kamawa ne idan tsakiyarsa ta kai wajen digiri 71, a nan ne kuma ya zama babu fargabar ɗanyen ƙwai ga yara. Idan wuta ta yi yawa, baya zai yi baƙi kafin tsakiya ta kusanci wannan zafin. Ki sa wuta matsakaiciya mai karkata zuwa ƙasa, ki ba kowane gefe minti uku zuwa huɗu. Bota ce ke ba da ƙamshin, amma burbushin madarar da ke cikinta yana ƙonewa da wuri, shi ya sa nake haɗa ta da ɗan man girki. Bayan kowane zubi ina goge kaskon da takardar kicin in sa sabuwar bota. Idan ba haka ba, baƙin burbushin zubin farko zai manne wa na biyu ya sa masa ɗaci. Kada ki danne burodin da cokali, kina matse abin da kika ɓata lokaci kina shayar da shi ne. Kada kuma ki cika kaskon, yanka biyu ko uku sun isa. Alamar nuna ita ce tsakiyar ta ɗan kumbura, idan kin taɓa da yatsa ta dawo.

Abin da na fi damuwa da shi a karin kumallo irin wannan shi ne mai girki ma ta zauna. Ban ga amfanin a tara iyali a tebur ba alhali uwa tana tsaye gaban murhu tana miƙo yanka ɗaiɗai, ta zo ci kowa ya tashi. Maganin wannan oben ne. Ki kunna shi a ƙasa, digiri 90 zuwa 100, ki sa ragar ƙarfe a kan tire, duk wanda ya soyu ki ɗora a kai. Ragar ce sirrin, domin idan kika jibga su a faranti tururi zai jiƙa su, ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi. A haka za su jira ki wajen rabin awa ba abin da ya same su. Yara ma suna da aikinsu. Babban shi ke fasa ƙwai, ƙaramar ita ke yanka ayaba da wuƙar bota, tana yi tana tambaya, "Umma, na yanka ƙanana ko manya?" Maigida kuma shi ke haɗa shayi.

A kan tebur nakan ajiye zuma, yankakkiyar ayaba, da duk 'ya'yan itacen da ke gidan, musamman masu ɗan tsami, domin suna karya maiƙon. Yogot marar sukari ma yana tafiya da shi sosai. Sai dai idan akwai jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, kada a ɗanɗana masa zuma ko kaɗan. Tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba tukuna, ayaba da aka murƙushe ta ishe shi.

Ba kowa ke son zaƙi da safe ba, kuma maigidana yana cikinsu. Shi nakan raba masa nasa haɗin tun kafin in sa sukari da kirfa, in ƙara gishiri, masoro, da albasa yankan mitsi-mitsi, wani lokaci da ɗan cuku da aka goga a kai bayan na juya gefe na biyu. Nasa nake soyawa a ƙarshe, don kada ƙamshin albasa ya kama na yara.