Aikin sito a asibitin Ingila

Duk 'yar'uwar da ta ji ina aiki a asibiti a Ingila tambayarta ɗaya ce: nas ce ke ko likita? In na ce mata ina ɓangaren sayo kaya da rarraba su, sai in ji muryarta ta yi sanyi. Ni kuwa wannan aikin ne ya zaunar da ni da gindina a ƙasar nan.

Maigidana ne ya samu aiki da bizar ma'aikatan lafiya da aka buɗe a 2020, na biyo shi da yara. Farkon zuwa na sha wuya. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su zo a kan juna, ga Turancin mutanen arewacin ƙasar da sai ka kasa kunne sosai. Aikin da na fara samu na cika kantocin ɗakunan jinya ne, mataki na 2 a tsarin albashin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin ƙasar. Ina zagayawa da na'urar karanta lambar kaya, in duba abin da ya yi ƙasa, safar hannu, sirinji, bandeji, robar ƙarin ruwa, in yi oda, in jera su idan sun iso.

A nan na gane aikin yana da ilimi. Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake sa wa a gaba. Abin da ke son sanyi ba ya fita daga digiri 2 zuwa 8. Kowane kaya yana da mazubi biyu, da ɗaya ya ƙare a tura oda, ana amfani da na biyu kafin sabo ya iso. Dabarar daga masana'antar Toyota ta fito, asibitin Virginia Mason da ke Amurka ya mayar da ita ta jinya, kuma a 2015 wasu rukunonin asibitoci biyar na Ingila suka ƙulla haɗin gwiwa da shi don su koya. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne shirin Scan4Safety da aka fara a 2016. A ɗakin tiyata ana karanta lambar ƙarfen da za a dasa wa mutum a ƙugu, a haɗa ta da lambar da ke hannunsa. Ranar da kamfani ya ce akwai matsala a wani rukunin kayansa, nan take a san jikin wa aka sa. Mace mai kula da waɗannan lambobi tana tsare rai ne, ko da majinyacin bai taɓa ganin fuskarta ba.

Shugabarmu mace ce, ita ma daga ƙasa ta taso. A taron safe ta lura ba na magana, sai ta riƙa tambayata kai tsaye me na gani. Na taso da jin cewa shiru a gaban manya ladabi ne, su kuwa a nan ɗauka suke ba ka da abin cewa. Wata rana na faɗa mata cewa kowane ɗaki da irin jerinsa, nas ɗin da aka aro da dare sai ta yi ta buɗe durowa tana neman allura majinyaci na jira. Ta ce in zana yadda nake so ya kasance. Muka daidaita jerin ɗakunan hawa ɗaya, muka sa launi da suna a kowane kanta, sauran suka biyo baya. Ita ce ta tura ni karatun takardar shaidar CIPS ta masu harkar saye, wanda nake yi bayan yara sun kwanta.

Da wahala, ba zan ɓoye ba. Motocin kaya da sassafe suke zuwa, kuɗin renon yara yana cin albashi, babu uwa ko ƙanwa kusa da za a bar wa su. Duk da haka ina jin takaici in ga matanmu masu digirin lissafin kuɗi ko kasuwanci suna ganin asibiti ba shi da gurbinsu.

Yanzu ina ofishin kwangila. Rahoton da Lord Carter, ɗan majalisar dattawan Birtaniya, ya rubuta wa gwamnati a 2016 ya nuna asibitoci na sayen kaya iri ɗaya a farashi mabambanta, har yau kuma muna fama da wannan. Aikin da ke gabana shi ne rage yawan nau'o'in zaren ɗinkin tiyata da muke saye, kuma ba zai yiwu ba sai na zauna da likitocin ɗaya bayan ɗaya na ji dalilin da kowa ya riƙe nasa.