Takardar da na ɓoye wa Yayana

Ƙannena da kuke karo-karo ku shiga situdiyo, ku uku ko ku huɗu, da ku nake. Akwai wata ƙungiyar makaɗa a Amurka da na daɗe ina bin labarinta, Creedence Clearwater Revival, kuma duk sanda na koma kan labarin sai in ga kaina a ciki.

Su huɗu ne daga El Cerrito, wani ƙaramin gari kusa da San Faransisko a jihar Kalifoniya: John Fogerty, yayansa Tom, da abokan John biyu tun makaranta, Stu Cook da Doug Clifford. Tun 1959 yaran suke kaɗe-kaɗensu, kuma a farkon tafiyar Tom ne mai ba da waƙa. Kamfanin Fantasy ya ɗauke su a 1964, ya laƙaba musu sunan Golliwogs, suka yi ta fama ba kasuwa. Sai da Saul Zaentz ya sayi kamfanin a 1967 suka sake suna, suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, sannan ƙofa ta buɗe.

A lokacin makaɗan San Faransisko sun fi son jan kiɗa ya yi tsawo. Su kuwa suka koma tushe, ga kiɗan blues na baƙar fata da na ƙauyukan kudancin Amurka: jita, ganga, murya mai kaushi, yawancin waƙoƙin gajeru. Mai saurare zai rantse a bakin kogin Misisipi aka yanke musu cibiya. A 1969 kaɗai faifai uku suka fitar, suka kuma yi wasa a babban taron kiɗa na Woodstock. Amma kafin 1972 ta ƙare sun watse.

John ne mai rubuta waƙa, shi ne mai rerawa, shi ne furodusa, kuma shi ne manaja. Tom ya gaji da zaman ɗan kallo a ƙungiyar da ya taɓa jagoranta, ya fice a farkon 1971. A faifansu na ƙarshe Stu da Doug suka rubuta nasu suka rera, kuma har yau kowane ɓangare da yadda yake faɗin abin: John ya ce su suka nema, su sun ce shi ya tilasta musu. A ƙarƙashin wannan duka kuwa akwai waccan takardar yarjejeniya, wadda ta mallaka wa kamfani waƙoƙin da John ya rubuta.

Mu ma mu huɗu ne, zamanin kaset. Yayana ne ya fara, shi ake gayyata biki, ni ina amshi. Da aka ga ina iya tsara baiti sai abu ya fara dawowa hannuna, ni kuma ban ture komai ba. Na karɓi rubutu, na karɓi makirufo, na karɓi jakar kuɗi. A zuciyata taimako nake, tunda na fi su zafin nama. Ban taɓa tambayar Yaya yadda yake ji ba da ya koma tsayawa a bayana.

Wani mai sayar da kaset ya biya mana kuɗin situdiyo. Ranar da ya miƙo takarda ni kaɗai na je shagonsa. Shafi ɗaya ce da Turanci, na duba sama-sama, na ga adadin kuɗin, na sa hannu a madadin kowa. Ashe na sayar da waƙoƙi shida ne gaba ɗaya, har abada. Kaset ya karɓu, ana sa shi a tasha da gidajen biki, mu ko sisi bai ƙara shigo mana ba.

Sa hannun kuskure ne, amma abin da na yi bayansa ya fi shi muni. Kunya ta hana ni nuna musu takardar. In sun tambaya sai in ce ana nan ana magana. Me za su zata? Suka ɗauka na ci kuɗin, ni kuma na ji haushin an zarge ni alhali ni ma cutata aka yi. Shekara shida ni da Yaya gaisuwa ce kawai, ita ma sai a gaban Inna.

Don haka, ƙannena, kada ɗayanku ya je sa hannu shi kaɗai, ko da shi ne mai basirar. Ku karɓi takardar ku tafi da ita gida, ku kai wa lauya, ku nemi a faɗa muku da Hausa: waƙar ta wa ce bayan an sa hannu, shekara nawa, kashi nawa ne naku, wa zai riƙa nuna muku lissafi. Wanda ya ce sai yau-yau, ba a fita da takarda, ku tashi ku bar masa shagonsa. Ku kuma yi taku takardar a tsakaninku tun aljihu na wayam, domin rabon da ba a yanka ba kafin kuɗi su zo, da wuya a yanka shi lafiya bayan sun zo. Mai rubuta waƙa kada ya riƙe jaka. In kuwa an riga an cuce ku, a ranar za ka faɗa wa 'yan'uwanka, da takardar a hannu.

Dubi inda abin ya kai John. Ya yi shekaru ba ya rera waƙoƙinsa na da a fili. Da ya fitar da sabon faifai a 1985, kamfanin ya kai shi kotu wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da wata tasa ta 1970, wadda a lokacin mallakar kamfanin ce. Sai da ya ɗauki jita ya kaɗa a cikin kotu a 1988 kafin ya yi nasara, maganar kuɗin lauya kuma ta kai har Kotun Ƙoli a 1994. Tom ya rasu a 1990 ba su gama shiryawa ba. A 1993, ranar da aka karrama ƙungiyar, John ya ƙi hawa dandamali ya yi kiɗa da Stu da Doug. Sai a Janairun 2023, yana da shekara 77, ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin waƙoƙinsa.

Ni Allah ya rufa mini asiri, Yaya yana raye. Lokacin da Inna ta kwanta jinya muna kwana wajenta tare, wani dare na ɗauko takardar daga akwati na miƙa masa. Ya sa ɗansa ya karanta masa ita har sau biyu. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, “Da ka nuna mini tun a lokacin, ai da tare za mu je wajen mutumin.” Na ce, “Yaya, ka yafe mini.” Ya ce ya yafe. Sauran biyun na bi su gida ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya saurare ni, ɗayan har yanzu ina aika masa gaisuwa.