Gyaran Bindigar Toka: Sana'ar da Na Gada a Maƙera

Maƙerarmu tana bayan kasuwa a wani gari na ƙasar Kano, kuma a cikinta na gaji mahaifina kamar yadda shi ma ya gaji nasa. Mu biyar muke aiki, ni da ƙanena da yara uku masu koyo. Fartanya da garma da lauje su ne ke ciyar da mu a yawancin watanni, amma aikin da aka san gidanmu da shi shi ne gyaran bindigar gargajiya, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu adaka, wasu kuma harba-ka-ruga, domin idan ka harba sau ɗaya sai ka sake ɗura ta ta baki, abin da ka harba kuwa ba zai tsaya jiranka ba. Sau biyu aikin ke yi mana yawa a shekara: idan Sallah ta gabato, 'yan bindigar hakimi su kawo nasu a duba, da kuma bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da mafarauta ke shirin shiga daji.

Bindiga ta daɗe a ƙasar nan fiye da yadda matasa ke zato. Sunayen kansu daga Larabci suka zo, bindiga da albarushi da harsashi, abin da ke nuna cewa ta hanyar fatake masu ƙetare Sahara muka fara saninta. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya samo bindigogi tare da Turkawa masu koyar da harbi. A Kano, tarihin sarakuna ya nuna an shigo da bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, sa'an nan Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a cikin masu tsaronsa. Abin da ya fi burge ni a matsayina na maƙeri shi ne Damagaram, inda a zamanin Sarki Tanimu maƙera suka riƙa zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a gida. Sai Turawa suka yi yarjejeniyar Birasels a 1890 suka taƙaita sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, aka bar mu da mai ɗuri ta baki, kuma da irinta da kibiya da mashi aka fuskanci bindiga mai aman wuta lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903.

Dokar bindigogi ta 1959 ita ce har yanzu ke tafiyar da al'amarin a Nijeriya. Ta kasa makamai gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na biyu irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, da ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. A wannan gida na uku kaɗai hannuna yake, kuma ina da littafi da nake rubuta sunan duk wanda ya kawo gyara, da unguwarsa, da wanda ya tsaya masa.

Gyaran kansa ba shi da yawan surutu. Ko dai kunamar bindigar ta saki, ko ƙota ta tsage a sake sassaƙa wata da icen maɗaci, ko tsatsa ta ci cikin bututu saboda mai ita ya yi harbi ya jingine ta bai wanke ba. Hayaƙin albarushi yana barin dauɗa mai jan laima, kuma cikin damina guda tana iya cinye ƙarfen da ya kai shekara hamsin. Kafin in taɓa kowace bindiga sai na zura sandar ɗuri na auna zurfinta, domin sau da yawa an kawo mini wadda mai ita ya rantse babu komai a ciki, alhali ɗurin bara yana kwance a gindinta.

Inda na fi ɓata lokaci da masu kawo gyara shi ne maganar abin da suke ɗura mata. Ɗan bindigar Sallah albarushi kawai yake zubawa ya toshe da tsumma, domin ƙara da hayaƙi ake so a gaban sarki, kuma ko a hakan ina hana su kusantar jama'a, don tsumman da ya fita da wuta yana iya makantar da mutum. Mafarauci mai neman zabo ko fakara ƙananan ƙwayoyin dalma suka dace da shi, mai neman gada ko mugun dawa kuwa sai manya, saboda ƙanana raunata dabba kawai za su yi ta tafi ta mutu a wahale inda ba wanda zai amfana da ita. Masu bindiga mai baki biyu ma haka suke zaɓen harsashi da lamba, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar. Amma talauci yana sa wasu su cusa ƙusoshi da gutsattsarin ƙarfe, waɗanda ke kankare cikin bututu har ya yi rauni.

Mafi muni shi ne wanda zai fasa harsashin zamani ya juye garin da ke ciki a bindigar toka, yana zaton ƙarfi ya ƙara mata. Wannan gari ƙarfinsa ya wuce abin da bututunmu zai ɗauka. Wani matashin mafarauci da na gyara wa ƙota ya yi haka, kuma ƙaninsa ne ya dawo mini da bindigar a cikin buhu, bututun ya dare kamar an tsaga kara, jini ya bushe a jikin icen. Yatsu uku na hannun hagunsa suka tafi. Da ya warke ya zo ya durƙusa a bakin maƙera ya ce, "Baba, kun faɗa mini, ban ji ba." Na rataye wannan bututu a bango kusa da uwar maƙera, kuma duk wanda ya kawo gyara sai na nuna masa kafin mu yi maganar kuɗi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda sunan ya sauya hannu. A ƙuruciyata, idan aka ce 'yan bindiga ana nufin mutanen fada masu gaisuwar sarki da ƙarar albarushi a Hawan Daushe. Yau kalmar ta koma kan masu satar shanu da garkuwa da mutane a dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna, masu ɗauke da AK-47 da ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka. Wannan ya jawo wa maƙera zargi, kuma ba zan musa ba, akwai ɓata-gari a cikinmu da kwaɗayi ya ja su. Shi ya sa rabin aikina yanzu ƙin karɓar aiki ne.

A watan jiya wani baƙo ya tsaya da babur bayan la'asar, ya ciro bindiga daga cikin tabarma, ya ce yana so in mayar da ita mai cin harsashin zamani. "Malam, ko nawa ka yanke zan biya yanzu," in ji shi. Na ce masa ba na wannan aiki, gyara ma sai ya zo da mai unguwarsu ko Sarkin Bakan garinsu, a rubuta sunansa a littafi. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi bai yi sallama ba. Da magariba na je na shaida wa mai unguwarmu kamanninsa da launin babur ɗin, washegari kuma muka koma kan fartanyun da wani manomi ke jira.